FASTA DA FIM: DAGA BANGON BIRNIN RUM ZUWA HANYAR GWARZO

1. Gabatarwa

A cikin shekarar 1948 wani ɗan Italiya mai suna Vittorio De Sica ya fitar da wani fim da ake kira Ladri di biciclette, watau Ɓarayin Keke. Labari ne na wani magidanci a birnin Rum wanda ya daɗe ba shi da aikin yi bayan Yaƙin Duniya na Biyu, sai Allah ya sa ya sami aikin liƙa fasta, watau hoton tallar fim, a jikin bango. Sharaɗin aikin shi ne sai mutum yana da keke. Matarsa ta jinginar da zannuwan gadonsu aka fanso kekensa. A ranar farko da ya fita, yana bisa tsani yana shafa ruwan liƙi a kan hoton Rita Hayworth, wata shahararriyar 'yar wasan Amurka, sai ɓarawo ya haye keken ya gudu.

Wannan ɗan labari ya tattara duk abin da wannan lacca za ta yi magana a kai. Ga talaka, ga bango, ga kuma fuskar baƙuwa daga wata ƙasa mai nisa. Abin da laccar take son ta nuna shi ne, hoto yakan riga fim isa gari, yakan kuma isa inda fim bai taɓa zuwa ba. Saboda haka wanda ya zana wa mutane hoton baƙo, shi ne ya zaɓa musu abin da za su sani game da baƙon nan. Za a fara duba yadda abin ya kasance a Italiya, sa'an nan a gangaro birnin Kano, daga nan a bi hanyar yamma zuwa ƙasar Kabo da ta Gwarzo.

2. Yadda Amurka ta Hau Bangon Italiya

A zamanin mulkin Mussolini gwamnatin Italiya ta ɗauki fim a matsayin makami. A 1937 ta buɗe wani katafaren wurin shirya finafinai a bayan birnin Rum, aka sa masa suna Cinecittà, watau Birnin Sinima. A 1938 kuma ta yi dokar da ta mayar da shigo da finafinan waje hannun hukuma ita kaɗai. Jin haka sai manyan kamfanonin Amurka huɗu, watau MGM da Paramount da Warner da Fox, suka janye daga ƙasar. Daɗin daɗawa sai ga yaƙi. Don haka Italiyawa suka yi shekaru ba su ga mafi yawan abin da Holiwud take fitarwa ba.

Da yaƙi ya ƙare a 1945 sai ƙofa ta buɗe, finafinan da suka taru na shekara da shekaru suka kwararo gaba ɗaya kamar an fasa dam. Mutane kuwa suna cikin talauci da ƙishirwar abin ɗebe kewa. A 1955 kaɗai an sayar da tikitin shiga sinima fiye da miliyan 800 a ƙasar. Abubuwa biyu ne suka sa finafinan Amurka suka zama 'yan gida a can. Na farko, ba a nuna fim sai an juya maganarsa zuwa Italiyanci da muryoyin 'yan ƙasa, ta yadda manomi da lebura za su ji kome. Na biyu shi ne fasta. Kamfanonin ba su kawo fastocin da aka buga a Amurka suka liƙa ba, sai suka ɗauki masu zane na Italiya suka ce su sāke zanawa yadda zai kama idon mutanensu. Ƙidayar 1951 ta nuna kusan kashi 13 cikin 100 na Italiyawa ba su iya karatu ba, kuma abin ya fi tsanani a kudancin ƙasar. Ga irin waɗannan mutane, hoton nan na bango shi ne jarida, shi ne sanƙira.

3. Masu Zanen da Aikinsu

Mutum uku ne suka fi yin fice a farkon wannan zamani: Anselmo Ballester (1897–1974), da Alfredo Capitani (1895–1985), da Luigi Martinati (1893–1983). Sun haɗa gwiwa suka buɗe ɗakin zane a Rum, suka kira shi BCM, daga haruffan farko na sunayensu. Capitani ne ya zana shahararriyar fastar fim ɗin Gilda na 1946, wanda Rita Hayworth ta fito a ciki. Martinati ya yi wa kamfanin Warner aiki, a cikin zanensa akwai fastar Casablanca. Ballester kuwa ya daɗe yana yi wa kamfanin Columbia zane, shi ya zana fastar On the Waterfront na 1954. Bayansu akwai Silvano Campeggi (1923–2018), mutumin Firenze, wanda ya zana wa MGM fastocin Gone with the Wind da Ben-Hur.

Yadda aikin yake shi ne, kamfani ya aiko wa mai zane da 'yan hotunan da aka ɗauka lokacin shirya fim, tare da taƙaitaccen labari. Sau da yawa ma bai ga fim ɗin ba. Da waɗannan zai zauna da burushi da fenti ya fitar da hoto guda wanda zai faɗi labarin awa biyu cikin ƙiftawar ido. Girman takardun sananne ne. Akwai mai faɗin santimita 100 da tsawon 140, akwai babba mai 140 da 200 wadda ake liƙawa a manyan tituna, akwai kuma 'yar siririya mai 33 da 70 wadda ake ratayewa a kantuna da wuraren shan gahawa.

Bahaushe ya ce labarin zuciya a tambayi fuska, to, a kan wannan masu zanen suka gina sana'arsu. Mafi yawan finafinan Amurka da suka shahara a lokacin ba na doke-doke ba ne, labaran rayuwa ne masu nauyi. Casablanca, na 1942, labarin wani mutum ne da ya sadaukar da macen da yake so saboda abin da ya fi son zuciyarsa muhimmanci. On the Waterfront, wanda Elia Kazan ya shirya, kuma ya ci lambar Oska 8, labarin wani ɗan dako ne a tashar jiragen ruwa, tsohon ɗan dambe, wanda dole ya zaɓa tsakanin ya rufe baki ya ci abinci, ko ya ba da shaida a kan azzaluman shugabannin ƙungiyarsu ya sayi mutuwa da kuɗinsa. Irin wannan labari ba shi da doki ko ƙura da za a zana. Sai mai zane ya koma ga fuska: ya girmama ta, ya raba ta biyu da haske da inuwa, ya zuba ja ko shuɗi a bayanta, har mai wucewa ya ji a jikinsa cewa mutumin nan yana cikin wani hali. Ko sunan fim ma sukan sāke shi. Rebel Without a Cause na 1955 ya koma Gioventù bruciata, watau ƙuruciyar da ta ƙone. Ashe ke nan Amurkar da Ba'italiye ya gani, ɗan'uwansa ne ya tace masa ita, da harshensa da kuma idonsa.

4. Kano: Sinima da Majigi

A shekarar da aka buɗe Cinecittà, watau 1937, a cikinta aka buɗe Rex, gidan sinima na farko da aka gina musamman domin nuna fim a Kano. Kwarori ne suka kafa wannan harka, kuma a wajen ganuwa suka kafa ta, wajajen Sabon Gari, inda baƙi suke. Mutanen birni ba su karɓe ta hannu bibbiyu ba. Sunan da wasu suka ba abin, watau dodon bango, ya isa shaida. Malamai sun yi ta muhawara a kan hukuncin hoto mai motsi, sa'an nan wurin da kansa ya yi ƙaurin suna da cuɗanyar maza da mata da mashaya. A watan Mayu na 1951 gobara ta tashi a sinimar El Duniya, mutum fiye da 300 suka rasu, jama'a da yawa kuma suka ɗauki abin a matsayin ishara. Duk da haka a farkon shekarun 1950 aka buɗe Palace a Jakara, kusa da kasuwar Kurmi, ta zama ta farko a cikin birni, daga baya kuma aka sami irin su Plaza da Orion da Eldorado da Marhaba.

Wannan na birni ke nan. Mutumin karkara kuwa da wani irin fim dabam ya fara saninsa, watau majigi. A 1939 gwamnatin Ingila ta kafa sashen shirya finafinai domin ƙasashen da take mulka, a ƙarƙashin William Sellers, wanda tun yana ma'aikacin tsafta a Ikko ya fara amfani da fim wajen faɗakar da mutane a kan annoba. Daga baya Gwamnatin Jihar Arewa ta kafa nata sashen a Kaduna. Motar majigi takan zaga gundumomi, ta sauka a ƙofar gidan hakimi, a kafa farin ƙyalle bayan sallar lisha, a nuna yadda ake rigakafi, da tsaftar rijiya, da noman gyaɗa da auduga, da hawan sarakuna. Baban Larai, fim ɗin noman auduga na shekarun 1950, yana cikin waɗanda dattawa ba su manta ba. Akwai ma'aikaci mai lasifika da yake fassara da Hausa.

A lura da bambancin nan da kyau. Majigi ba ya bukatar fasta, domin kuwa kyauta ne, kuma sanƙiran hakimi ne yake shelarsa. Hukuma ce ta zo da saƙonta. Sinima kuwa ciniki ce, sai ta jawo mutum ya ciro kuɗi daga aljihunsa. Makaminta na jawowa shi ne allon nan na ƙofar gida, inda ake manna fastar da ta zo tare da gwangwanayen fim daga Ikko. A nan samari sukan yi cincirindo tun da rana, waɗanda za su shiga da waɗanda ba su da ko anini, suna karanta hoto. Rubutun da yake jiki na Turanci ne, kaɗan ne suke iya karanta shi, amma kowa yana iya ƙirga bindigogi da dawaki.

Abin da Italiya ta samu, Kano ba ta samu ba. Babu wanda ya juya Casablanca ko On the Waterfront zuwa Hausa, babu kuma wanda ya ɗauki mai zane Bahaushe ya ce ya fassara su da burushi. Fim ɗin da duk ƙarfinsa yake cikin magana kurma ne a wurin wanda ba ya jin harshen. Don haka irin waɗannan finafinai suka tsaya ga Turawa da 'yan boko ƙalilan. Abin mamaki kuwa shi ne, abubuwan da suke magana a kai, watau amana, da mutunci, da tsayawa a kan gaskiya ko da za a sha wuya, su ne ainihin abin da Bahaushe yake kira halin mutumin kirki. Wannan gurbi finafinan Indiya ne suka cike shi tun daga shekarun 1950, irin su Mother India na 1957, saboda su kam da fuska da waƙa da hawaye suke ba da labari. Daga Amurka abin da ya tsallake shingen harshe shi ne kaboyi.

5. Kaboyin da Aka Ƙera a Rum

A nan ne Italiya ta shigo Kano ta bayan gida. Tun shekarun 1950 kamfanonin Amurka suka riƙa zuwa Cinecittà suna shirya manyan finafinai saboda arahar ma'aikata, alal misali Quo Vadis a 1951 da Ben-Hur a 1959. Italiyawa suka koyi sana'ar, suka ce su ma za su iya. A 1964 Sergio Leone ya fitar da A Fistful of Dollars. Labarin daga wani fim ɗin Japan na Kurosawa aka ɗauko shi, an ɗauki hotonsa a ƙasar Sipaniya, babban ɗan wasan kuwa, Clint Eastwood, Ba'amurke ne wanda a lokacin a talbijin kawai aka san shi. Don kada masu kallo su gane kayan gida ne, Leone ya sa wa kansa suna Bob Robertson. Haka sauran suka yi: Giuliano Gemma, wanda ya fito a Ringo a 1965, ya zama Montgomery Wood; Mario Girotti ya zama Terence Hill; Carlo Pedersoli ya zama Bud Spencer. A 1966 Sergio Corbucci ya fitar da Django, inda Franco Nero ya shigo gari yana jan akwatin gawa, ashe bindiga mai ruwan harsashi ce a ciki.

An yi ɗaruruwan irin waɗannan finafinai kafin ƙarshen shekarun 1970, kuma sun dace da kasuwar Afirka ta Yamma ƙwarai: magana kaɗan, kallon-kallo da yawa, sa'an nan harbi. Ana ma iya cewa Leone fasta ya mayar fim, domin kuwa yakan cika allo da idanun mutum guda, kamar yadda su Ballester suke cika takarda. Wani sabon rukunin masu zane ya tashi tare da su, irin su Sandro Symeoni da Renato Casaro, suka tsayar da siffar da duniya ta haddace: malafa mai faɗi, da guntuwar taba a baki, da hannu a kan kube. Saboda haka yaron da ya tsaya a ƙofar Plaza yana tsammani Amurka yake kallo, sau da yawa Italiya yake kallo ta yi shigar Amurka a cikin ƙurar Andalus.

Tasirin wannan siffa bai tsaya a Kano ba. Tun a 1958, cikin fim ɗin Jean Rouch mai suna Moi, un noir, an ga samarin Nijar 'yan ci-rani a Abijan suna kiran kansu da sunayen 'yan wasan waje. Oumarou Ganda shi ne Edward G. Robinson. A 1966 kuma Moustapha Alassane na Nijar ya shirya Le Retour d'un aventurier, labarin wani saurayi da ya komo ƙauyensu da akwati cike da kayan kaboyi, ya raba wa abokansa, suka hau dawaki suka addabi gari. Alassane ya gane tun da wuri cewa tufafin aro yakan zo da halin mai shi.

6. Hanyar Gwarzo

Hanyar da ta fita daga Ƙofar Kabuga ta yi yamma, ta wuce Janguza da Rimin Gado, ta ratsa ƙasar Kabo, ita ce take kai mutum Gwarzo, tafiyar kilomita 70 ko kusa da haka, daga nan ta shiga ƙasar Katsina. Ƙasa ce ta noma, ta dawa da gero da gyaɗa da auduga, mai kasuwanni masu ci irin ta Getso. Manyan gidajen sinima suna birni, amma hanya ba ta hana hoto tafiya. Ta kafa uku ya bi.

Ta farko ita ce bakin mutane. Da an gama kaka samari sukan tafi birni cin rani, wasu ga-ruwa, wasu dako, wasu almajiranci. Wanda ya shiga sinima sau ɗaya yakan komo da labarin da zai ishe shi hira har damina, shi ne mai ba da labari, shi ne Jango, shi ne dokin. Ta haka laƙabobi irin su Kaboyi da Jango da Ringo suka shiga dandali, suka manne wa mutanen da ba su taɓa ganin allon sinima ba.

Ta biyu ita ce babbar mota mai bodin katako, wadda take ɗaukar gyaɗa da hatsi da 'yan kasuwa. A bayanta da gefenta masu fenti sukan zana zaki, ko dawisu, ko mikiya, ko kuwa kaboyi da malafarsa da bindiga biyu, a ƙasa kuma a rubuta wata addu'a ko habaici. Waɗannan masu fenti su ne su Ballester na ƙasar Hausa, sai dai ba kamfanin da ya ɗauke su, kuma ba kasafai aka damu da sunansu ba. Daga fasta suka ɗauko siffar, amma direba ne ya ba ta ma'ana: shi ne namijin da yake ratsa daji shi kaɗai, ba ya tsoron dare.

Ta uku ita ce takarda. Bahaushe ba baƙon hoton bango ba ne. Masu tallar littattafai a kasuwannin ƙauye sun daɗe suna sayar da hoton Buraƙa, da na Ka'aba, da na Shehu Ibrahim Inyass, da kalandu iri-iri. Hoton 'yan fim, musamman na Indiya, ya bi sahun waɗannan ya shiga shagon tela da na mai aski da ɗakin samari.

Daga baya al'amura suka juya. Dokar 1972 ta mayar da gidajen sinima hannun 'yan ƙasa, ko da yake finafinan na waje ne har wa yau. A 1976 Adamu Halilu ya mayar da littafin Shaihu Umar fim. Sa'an nan bidiyo ya zo, aka yi Turmin Danya a 1990, harkar da aka sa wa suna Kannywood ta kafu. A karo na farko fasta mai fuskar Bahaushe da rubutun Hausa ta tashi daga kasuwar Ƙofar Wambai ta bi hanyar Gwarzo, ta hau bangon gidajen kallo da shagunan haya na kaset. Fassarar da aka hana Casablanca kuwa, sai a shekarun 2010 ta zo, lokacin da irin su Algaita suka shiga juya finafinan Indiya da na wasu ƙasashe zuwa Hausa. Yau fim yana cikin wayar hannu, fastar takarda kuma tana neman ta ɓace.

7. Kammalawa

Abin da ya rage shi ne tambayar ina aka ajiye duk wannan. A Italiya wani akanta mai suna Ferdinando Salce ya shafe rayuwarsa yana tara fastocin talla iri-iri, da ya rasu a 1962 ya bar wa ƙasarsa kusan guda 25,000, yanzu suna da gidan tarihi nasu a garin Treviso. A Gana, fastocin da masu zane suka yi a kan buhun fulawa domin gidajen bidiyo a shekarun 1980 da 1990, baƙi ne suka saye da yawansu suka fita da su. A Kano kuwa yawancin tsofaffin gidajen sinima an rufe su ko an mai da su wani abu dabam, motocin katako suna ƙarewa, fastocin bidiyo na farko kuma gara da ruwan sama suna cin rabonsu.

Wani zai ce takardar talla ce kawai, ba ta kai a ɓata mata lokaci ba. To, amma tarihin jama'a ba a fayil ɗin hakimi kaɗai yake ba. Fayil zai faɗi tan nawa na gyaɗa aka saya a gunduma, ba zai faɗi abin da yaron motar da ya loda ta yake mafarkin zama ba. Wannan yana jikin bodin motar. Ɗalibin da ya fito daga Gwarzo ko Kabo yana iya zama da tsofaffin direbobi da masu fenti da waɗanda suka ga majigi a ƙofar fada, ya ɗauki maganarsu tun suna da rai. Ma'aikacin ƙaramar hukuma yana iya tattara abin da ya saura a shaguna da ɗakunan ajiya, a miƙa shi ga Gidan Makama, ko Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano, ko Gidan Arewa a Kaduna. Aiki ne da ba ya bukatar kuɗi masu yawa, lokaci ne kawai ba ya jira. Al'ummar da ta shekara hamsin tana kallon duniya ta idon mai zanen wata ƙasa, ya kamata ko ba kome ta adana shaidar ranar da ta fara zana kanta.